Filogin tsohuwar mota: wanda za ka saya da wanda ka cire

Assalamu alaikum, masu kallo. Maganar yau ta masu motar da ta sha tafiya ce, wadda agogonta ya haura kilomita 200,000 amma har yanzu tana tashi da safe tana yin aikinta. Tambayar da mai irin wannan mota ya fi yi ita ce, wane filogi ne ya fi kyau? Amsata ba ta canzawa: wanda kamfanin da ya ƙera injin ya rubuta. Lambarsa tana cikin littafin motar. Injin fetur muke nufi, domin na dizal ba ya aiki da tartsatsi.

Ku dubi bakin wannan filogi da ke hannuna. Ga ƙarfe ɗaya a tsakiya, ga wani ya lanƙwaso ta kansa, tsakaninsu 'yar rata ce, yawanci daga milimita 0.7 zuwa 1.1. Koyil yana ɗaga wutar batir daga volt 12 zuwa volt 20,000 ko fiye, wutar ta tsallake ratar nan ta kunna fetur da iska. Idan inji yana juyawa sau 3,000 a minti, kowane filogi yana ƙyasta wuta sau 25 a daƙiƙa guda, kuma kowace ƙyastawa tana ɗan cin bakin ƙarfen. A hankali rata ta buɗe, koyil ya riƙa wahala kafin wuta ta haye, wata rana ya ƙone. Koyil da yawa da ake cewa sun mutu haka kawai, tsohon filogi ne ya kashe su.

Filogin da ake kira na jan ƙarfe, bakinsa nikel ne, kaurinsa kusan milimita 2.5, kuma a wajen kilomita 30,000 ake sauya shi. Na filatinam yana kai wa kusan 100,000. Na iridiyam, wanda bakinsa siriri ne ƙwarai, milimita 0.6 a wasu na kamfanin NGK, 0.4 a wasu na kamfanin Denso, akwai injinan da yake kai kilomita 160,000 a cikinsu, saboda iridiyam ba ya narkewa sai zafi ya wuce digiri 2,400. Abin da kake saya a mai tsadar shi ne daɗewa. Ba zai mayar da tsohon inji sabo ba.

Saboda haka idan da iridiyam motarka ta fito, kada ka sauko zuwa nikel don neman sauƙi, musamman a injin V6, mai silinda shida, da sai an kwance bututun shigar iska kafin a kai ga filogi uku na baya. Aikin da ya kamata a yi sau ɗaya cikin shekaru zai dawo maka kusan kowace shekara. Idan kuma da nikel ta fito, kuma injin ya soma shan baƙin mai, ni dai ban ga amfanin sa masa iridiyam ba. Mai zai lulluɓe mai tsadar kamar yadda zai lulluɓe mai araha. Gara ka tsaya kan nasa, ka riƙa sauyawa a kan kari. A kula da jabu kuma, sun yi yawa, har manyan kamfanonin da kansu suna gargaɗi a kai.

Abu biyu ne ke sa "ai ya shiga ramin" bai isa hujja ba. Na farko tsawon tiredi, wato ɓangaren da ake murɗawa cikin inji: akwai mai milimita 19, akwai mai 26.5. Gajere a ramin dogo yana ɓoye tartsatsi, dogo a ramin gajere yana iya karo da fistin. Na biyu lambar zafi. Bakin filogi yana buƙatar zafi kamar digiri 450 zuwa 500 kafin ya riƙa ƙone dattin da ke taruwa a kansa, amma idan ya haura 800 zai iya kunna fetur tun kafin lokaci, har ya huda fistin. Lissafin kamfanoni ma ba ɗaya ba ne. A NGK da Denso, lamba na hawa filogi na ƙara sanyi. A Bosch kuwa, lamba na hawa yana ƙara zafi.

To, ga inda nake so mu ɗan daɗe. Idan makanike ya cire tsofaffin, kada ka bari a watsar da su. Jera su yadda suka fito, na silinda ta ɗaya har na ƙarshe, ka dube su a haske. Ba ka da wata taga da za ka leƙa cikin inji ba tare da an kwance shi ba da ta wuce wannan.

Wannan na farko, farin tangaran ɗinsa ya koma ruwan ƙasa mai haske, a bushe. Lafiya lau ke nan. Na biyu kuwa baƙi ƙirin, busasshen kunkunniya da ke kama yatsa. Fetur ya yi wa iska yawa: a duba matatar iska da injekta, ko kuwa motar gajerun tafiye-tafiye kawai take yi, inji ba ya samun ɗumi. Wannan kuma baƙi ne mai danshi da maiƙo, baƙin mai yana shiga inda wuta ke ci, ko ta zoben fistin ko ta robobin bawul. Amma a lura da kyau: idan man a jikin tangaran na sama yake, wajen da koyil ke zama, bakin kuma a bushe, to gasket ɗin murfin inji ne ke yoyo, gyara ne mai sauƙi, kada a tsorata ka da maganar sauke inji. Wanda ya yi fari fat da 'yan ƙuraje, zafi ne ya yi masa yawa. Wanda ya fi ɗaga mini hankali shi ne guda ɗaya da ya fita tas cikin 'yan'uwansa masu datti, sai ka ce an wanke shi. Sau da yawa ruwan lagireto ne ke shiga wannan silindar, a gwada gasket ɗin kan inji ba tare da ɓata lokaci ba.

Wajen ɗaurawa, a bari inji ya huce tukuna, a hure ƙurar da ke ramin kafin a cire tsohon. Sabon kuma da hannu ake fara murɗa shi, domin kan injin yawancin motoci alminiyam ne, tiredinsa ba ya jure ganganci. Filogi mai faɗin tiredi milimita 14 da zoben ƙarfe a gindinsa, ɗaurin Nm 25 zuwa 30 ya ishe shi (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri). Na iridiyam kuma ba a ƙwanƙwasa bakinsa don gyara rata, karyewa yake yi.

Filogi kaɗai ba ya riƙe tsohuwar mota. Zaro sandar baƙin mai duk mako, domin injin da ke shan mai yana iya ƙafewa tun ranar juye ba ta zo ba. Akwai man da aka yi wa motocin da suka wuce kilomita 120,000, mai sinadarin da ke tausasa robobin da suka bushe. Yana rage ɗigo, amma ba ya gyara zoben da ya cinye. Kaurin man kuwa a bi na littafi. Lagireto a zuba masa ruwansa na musamman, kuma don Allah kada a cire tamostat, bawul ɗin da ke daidaita zafin inji, da sunan maganin zafi, inji zai daɗe a sanyi, ya sha fetur, ya baƙanta filogin da ka sa jiya. Man birki yana tsotsar danshi, shi ya sa kamfanoni da dama ke cewa a sauya shi duk shekara 2.

Bel ɗin taimin, wanda ke daidaita motsin bawul da fistin, shi ne bai kamata a yi masa "bari sai gobe" ba. Yawancin kamfanoni suna sa wa'adinsa tsakanin kilomita 90,000 da 160,000, kuma shekaru ma suna cin robarsa ko da mota a ajiye take. A injuna da yawa, in ya tsinke, fistin da bawul karo suke yi. In ka sayi mota babu takardar da ta nuna an sauya shi, ɗauka ba a sauya ba.

Sai fitilar gargaɗin inji. In ta kama ta tsaya, a kai motar a sa mata na'ura. Lamba P0301 tana nufin silinda ta ɗaya ba ta cin wuta daidai, P0302 ta biyu, haka har ƙarshe. Makanike zai iya musanya koyil ɗin da na maƙwabciyarta, in matsalar ta bi shi, an gano mai laifi. Idan kuwa fitilar ƙyaftawa take yi, fetur ɗin da bai ƙone ba ne ke gangarawa salansa yana ƙona matatar hayaƙi. Sassauta ƙafa, ka samu wuri ka tsaya, a duba filogi da koyil kafin a ci gaba da tafiya.