Wane gilashi za ka ɗora wa babbar kyamara idan za ka shiga Tenere?

Assalamu alaikum, masu kallo. Yau zancenmu na masu ɗaukar hoto da babbar kyamara ne, mai zuga-zugi da baƙin mayafi, wadda ake zura wa fim falle ɗaya-ɗaya, mai girman inci 4 da inci 5. A ce ka shirya tafiya arewacin Nijar, ka samu izini da jagora, za ka tashi daga Agadas ka bi ta duwatsun Abzin, sannan ka gangara hamadar Tenere. Wane gilashin kyamara za ka sa a jaka?

Abin da ke fara faɗo wa mutum a rai shi ne, tunda hamada faɗi gare ta, sai a nemi gilashin da ya fi kowanne kwaso faɗi. Ni kam ban yarda da wannan ba. A hamada, dogon gilashi ne zai yi maka mafi yawan aikin.

Ga lissafin a taƙaice. Fim ɗin nan, daga kusurwa zuwa kusurwa, kusan milimita 153 ne. Shi ya sa gilashi mai milimita 150 yake ganin wuri kusan yadda idonka ke gani; mai ƙaramar lamba shi ne mai faɗi, mai babbar lamba kuma dogo. In da ƙaramar kyamara mai fim ɗin milimita 35 ka saba, raba lambar da uku da rabi: mai 90 zai zama kamar 26, mai 210 kamar 60, mai 300 kuwa kamar 85.

To, ka kafa kyamara gaban tuddan yashin Temet, ka ɗora mai 90, ka shiga cikin mayafi. Me za ka tarar a allon baya, inda hoton ke fitowa kafin ka ɗauka? Tudun da ya cika maka ido ya koma ɗan siririn layi can nesa, sama ta cinye rabin hoton, sauran rabin fili ne fayau. Gilashi mai faɗi ƙara nisanta na nesa yake yi, ya kuma ƙanƙantar da shi. Ba ya amfani sai akwai abu dab da ƙafarka: zanen da iska ta bari a kan yashi, ko wata ƙaya da ta tsaya ita kaɗai, ko raƙuman dawan nan da mutanen can baya suka sassaƙa a jikin dutse a Dabous, inda babban cikinsu ya haura mita 5. A irin wannan wuri mai 90 ba shi da na biyu. Saboda haka ka tafi da shi, amma ɗaya ya isa.

Wanne kuma daga cikin masu 90 ɗin? Akwai mai f/5.6, akwai mai f/8, wato lambar girman ƙofar haske, ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Na farkon ya fi haske a allo, sai dai ƙato ne, ga nauyi. Ni mai f/8 zan ce ka ɗauka, irin su Nikkor-SW na kamfanin Nikon ko Super-Angulon na kamfanin Schneider. Rana ba ta yi wa Tenere rowa ba. Da asuba ne kawai za ka ɗan sha wuya wajen saiti, kuma madubin ƙara girma yana maganin wannan.

Yanzu cire shi, ɗora mai 300. Dubi yadda tuddan suka matso, wannan bayan wancan, kowanne da gefen haske da gefen inuwa, bakinsu kaifi kamar an yanka da aska. Ayarin raƙuman da ke ɗauko gishiri daga Bilma da Fachi, wanda ɗazu ɗigo-ɗigo ne, yanzu kana iya ƙirga su. Wannan shi ne hoton da ya raba ka da gida. Nikkor-M mai 300, f/9, nauyinsa bai kai giram 300 ba. Fujinon-A mai 240 ma ɗan ƙarami ne, aikinsa kuma tsaf.

Sai dai kafin ka biya kuɗi, auna zuga-zugin kyamararka. Gilashi mai 300 yana bukatar a miƙa shi kusan santimita 30 kafin abin da ke can nesa ya fito sarai, na kusa kuma sai an ƙara miƙawa. Yawancin kyamarorin tafiya masu naɗewa a nan ƙarfinsu yake ƙarewa. In taka gajera ce, akwai gilasan da aka ƙera don haka, kamar Nikkor-T mai 360, wanda santimita 26 ta ishe shi, amma ya fi nauyi nesa ba kusa ba.

Dogon gilashi yana da maƙiya biyu a can. Na farko iska: zuga-zugin da aka miƙe tana kama shi, girgiza kaɗan kuma ta ɓata falle guda. Ka rage tsawon ƙafafun kyamarar, ka tare iskar da jikinka, ka jira ta lafa. Na biyu zafi. Da rana ta ɗaga, iskar da ke saman yashi ta fara rawa, kawalwalniya ta fito, ko nawa ka sayi gilashin ba zai ba ka hoto mai kyau ba. Lokacinsa sanyin safiya ne da gab da faɗuwar rana.

Akwai wata lamba da masu saye ke yawan mantawa: faɗin da'irar hoton da gilashi ke jefawa a baya. Dole ta wuce 153 ɗin nan, kuma da rata, don duk daɗin babbar kyamara shi ne kana iya ɗaga gilashin ko ka karkata shi. In ka ɗan sunkuyar da shi gaba, tun daga yashin da ke gabanka har dutsen ƙarshe duk za su fito tas lokaci guda. Wani hafsan sojan Ostiriya, Theodor Scheimpflug, shi ya yi rajistar wannan ƙa'ida a 1904. Hamada shimfiɗaɗɗiya ce, don haka kusan kowane hoto sai ka yi wannan karkatawa. In da'irar ta gaza, kusurwoyi su yi baƙi. Nikkor-SW ɗin da na ambata tasa milimita 235 ce a f/22, Nikkor-M kuma 325. Na tsakiya, wato mai 150, nemi irin su Apo-Sironar na Rodenstock, da'irarsa ta haura 200. Da ka iya karkatawa, ba ka da dalilin matse ƙofar haske har f/64, abin da ke dusashe hoto. Tsaya tsakanin f/22 da f/32.

Kenan uku ne: 90, 150, sai 240 ko 300. In nauyi ya matsa maka, ajiye mai faɗin.

Saura ƙura, musamman da hunturu. A wannan kyamara, ƙyauren da ke buɗewa ya rufe yana cikin gilashin ne, yawanci ƙirar Copal, kuma ƙwayar yashi ɗaya tana iya tsayar da shi. Kowane gilashi ka ba shi ledarsa mai zif. In za ka canza, juya wa iska baya, ko ka shiga mota. Kada ka goge shi da bakin rawani ko gefen riga, yashi zai karce shi. Hure shi da ɗan famfon roba tukuna. Filtoci kuma ka sayi masu milimita 67, ka haɗa da zoben da zai daidaita su da ƙananan gilasan, saiti ɗaya ya wadatar da duka.

Galibin gilasan nan yanzu na hannu ne, sun shekara da yawa a ajiye. Tun kana gida, saita kowane ƙyaure a daƙiƙa ɗaya, ka danna, ka kasa kunne. In ka ji yana jan ƙafa ko yana tsayawa a hanya, kai shi wurin mai gyara kafin ranar tafiya. Ka kuma sa wayar danna ƙyaure guda biyu a jaka, don ita ce ke saurin ɓacewa cikin yashi.