Gidan katako na Fairbanks a garin Dedham

Jama'a assalamu alaikum. Yau ina garin Dedham, a jihar Massachusetts ta Amurka, dab da birnin Boston. Wannan gida da kuke gani a bayana shi ne gidan Fairbanks, kuma masana sun ce a duk Arewacin Amurka babu gidan katako da ke tsaye wanda ya girme shi.

An kafa garin a 1636. Jonathan Fairbanks da matarsa Grace, mutanen Yorkshire ta Ingila, su suka gina gidan. Shekarunsa ba da ka aka faɗa ba. Masana sun huda wasu ginshiƙai da siririn bututu, suka zaro ɗan tsinken itace, suka ƙirga zoben da bishiya ke ƙarawa duk shekara. Shekarar ruwa zobe kan yi kauri, shekarar fari ya sirance. Da aka gwada jerin da na wasu itatuwan yankin, sai ya nuna an sare wani a wajen 1637, wani kuma 1641. Amma idan kafinta ya fere zoben ƙarshe da ke ƙarƙashin ɓawo, lissafin ba zai ba da ainihin shekarar sara ba, shi ya sa ake neman gefen da gatari bai taɓa ba.

Mu shiga, ku dai lura da ƙofar, dogo sai ya sunkuya. Ga babban bututun hayaƙi a tsakiya, ɗakuna kuma sun kewaye shi, domin murhu ɗaya ko biyu su ɗumama gida a lokacin ƙanƙara. Ginshiƙan nan ba ƙusar ƙarfe ce ta riƙe su ba. An sassaƙa harshe a wani, aka fafe rami a wani, aka cusa, sannan aka buga turken itace ya kulle su. Tsakanin ginshiƙai akwai saƙar ƙirare da aka yaɓe da laka, wanda duk ɗan ƙauyenmu zai gane da gani ɗaya. Daga baya iyali ya yi yawa, aka yi ta ƙara ɗakuna ta baya da gabas da yamma.

Zuriya takwas ta zauna a nan, har zuwa 1904 da Rebecca Fairbanks, ta ƙarshe, ta tashi. Ƙungiyar jikokin gidan ta karɓe shi ta mayar da shi gidan tarihi, kuma a 1960 gwamnatin Amurka ta sa shi cikin manyan wuraren tarihin ƙasa. A ganina rashin kuɗi ya taimaka wa gidan nan. Da na baya suna da hali, da tuni sun rushe sun yi na zamani.

Babban abokin gabar irin wannan gini ruwa ne. Katakon da ke kwance a kan harsashi shi ke fara ruɓewa idan indararo ya toshe ko ƙasa ta taru a gindin bango. Da ya ruɓe sai ginshiƙi ya nutse, daɓe ya karkace, ƙofa ta ƙi rufuwa. Danshi kuma yana gayyato ƙwaro mai huda itace. Alamarsa ƙananan ramuka da gari-gari a ƙasa, idan garin sabo ne fari to ƙwaron na ciki. Masu gyara ba sa cire ginshiƙi duka, ruɓaɓɓen wurin kawai suke yankewa su ɗora sabo irinsa. Ana shigar da baƙi kaɗan-kaɗan tare da ɗan rakiya, kuma da sanyi ya kama ake rufe gidan sai bazara.

Amfanin da garin ke samu a fili yake. Ana kawo 'yan makaranta su ga yadda aka yi girki da saƙa a garinsu, da kayan da mutanen gidan suka yi aiki da su da hannunsu. Duk shekara jikoki kan zo taron zumunci daga jihohi daban-daban. Tarihin kuma ba na daɗi kaɗai ba ne: a 1801 an rataye wani ɗan gidan, Jason Fairbanks, bisa laifin kashe wata budurwa mai suna Elizabeth Fales, shari'ar da ta girgiza Dedham a lokacin.

Idan za ku zo, ku duba ranakun buɗewa tukuna, ku kuma sa takalmi mara tsini, don daɓen ba daidai yake ba.