Gawar Cesena da Nasihar da Ake Wa Masu Mulki

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau zai kai mu ƙasar Italiya, garin Cesena, ranar 26 ga Disamban 1502. Mutane sun wayi gari suka tarar da gawar gwamnansu, Ramiro de Lorqua, an datsa ta gida biyu an yasar a tsakiyar dandali, ga guntun katako da wuƙa jina-jina a gefenta. Wanda ya sa a yi wannan aika-aika kuwa ubangidansa ne, Cesare Borgia, ɗan Fafaroma Alexander na Shida.

Ga yadda abin ya faro. Borgia ya ci yankin Romagna, inda Cesena take, da yaƙi, ya same shi cike da fashi da gabar ƙananan sarakuna. Sai ya naɗa Ramiro, mutum marar imani, ya ba shi wuƙa da nama. Cikin ɗan lokaci ƙasa ta yi tsit, amma zukata suka cika da ƙiyayya. Daga nan Borgia ya kafa kotu a tsakiyar lardin, kowane birni da mai kare masa haƙƙi. Ya rage saura abu ɗaya, wato ya wanke kansa daga jinin da aka zubar, shi ya sa ya ɗora wa yaronsa laifin duka.

A lokacin jakadan Florence, Niccolò Machiavelli, yana tare da ayarin Borgia. Bayan iyalan Medici sun dawo mulkin Florence a 1512 aka raba shi da aikinsa, aka tsare shi, aka gana masa azaba. A gonarsa da ke bayan gari ya rubuta littafin Il Principe, wato Mai Mulki, a 1513. A babi na 7 ya kawo labarin Cesena a matsayin abin koyi, ya ce abin da mutane suka gani ya bar su cikin gamsuwa da ɗimuwa a lokaci guda.

Rubuta wa sarki nasiha ba baƙon abu ba ne. Ko a Kano, Shehu Magili ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa irinta a ƙarshen ƙarni na 15. Malaman Turai na zamanin, masu bin rubuce-rubucen Rumawan da, sun gaji magana ɗaya daga Cicero, masani kuma ɗan siyasar tsohuwar Rum: zalunci iri biyu ne, ƙarfin zaki da wayon dila, kuma babu wanda ya dace da ɗan Adam. Machiavelli ya kife maganar a babi na 18. In ji shi, zaki ba ya gane tarko, dila kuma ba ya iya korar kyarkeci, don haka dole mai mulki ya zama duka biyun. Ko kyauta ma bai bar ta ba. Sarkin da yake son a kira shi mai hannu sake zai ƙarar da baitulmali, ya koma tatsar talakawa da haraji, ya faranta wa 'yan tsiraru ya ɓata wa jama'a. A nan dai, ko maƙiyinsa ya san lissafin ya fita.

A 1516 malamin Turai Erasmus na Rotterdam, wanda bai ga wancan littafi ba domin sai 1532 aka buga shi, ya rubuta wa Yarima Charles mai shekara 16, wanda daga baya ya zama Sarkin Sarakuna Charles na Biyar, tasa nasihar. Ya ce masa idan sarauta ba za ta riƙu ba sai da take adalci da kwarara jini, to gara ya sauka. Charles bai sauka ba a lokacin. A watan Mayun 1527 sojojinsa, da suka daɗe ba a biya su ba, suka afka wa birnin Rum suka wawashe shi.

Sai dai masu ɗaga Machiavelli kan wannan suna mance ƙarshen gwarzon nasa. Duk ƙarfin Borgia a kan kujerar mahaifinsa da kuɗin coci ya jingina. Fafaroman ya rasu a watan Agustan 1503, Borgia kuma yana kwance rai a hannun Allah. Da aka zo zaɓen sabon Fafaroma a watan Nuwamba, ya mara wa tsohon abokin gabar gidansu baya, ya zama Julius na Biyu, bisa alkawarin za a bar masa muƙaminsa da ƙasarsa. Mutumin da ya yi suna da yaudarar mutane ya yarda da alkawarin wani. Julius bai cika ba, aka kama Borgia, Romagna ta suɓuce masa, ya mutu a wani ƙaramin artabu a Navarre a 1507.