Yadda Ake Sauya Wayoyin Hannun Garmaho

Idan kuka ɗora faifai, sifika ɗaya ta yi shiru, ko sautin yana ɗaukewa yana dawowa duk lokacin da hannu ya matsa tsakiya, ko kuna jin gurnani mai kauri a ƙarƙashin kiɗan, to akwai inda waya ta samu matsala. Amma kada ku yi gaggawar zare wayoyin cikin hannun. Galibi laifin yana bakin waya ne, ba a tsakiyarta ba.

A cikin bututun hannun akwai siraran wayoyi huɗu. Fara ita ce mai ɗauke da sautin hagu, shuɗiya ce abokiyarta. Ja ta dama ce, koriya kuma abokiyarta. A yawancin injuna akwai ta biyar, baƙa, wadda ke haɗe da jikin bututun, ita ce ke fita ta zama wayar at (earth) da ake ɗaurewa a bayan amfilifaya. Abin da ke bin waɗannan wayoyi ɗan mitsitsi ne ƙwarai: katirij, wato ɗan akwatin da ke riƙe da allura a kan hannun, iri biyu ne: na MM yana ba da milibolt 3 zuwa 5, na MC kuwa sau da yawa bai kai rabin milibolt ba. Shi ya sa ɗan tsatsa da ba zai dami rediyo ba yake iya kashe sashe guda a nan.

A fara da awo. Ku cire filogin wuta, ku cire kebul daga amfilifaya, sannan ku zare kan hannun gaba ɗaya da katirij ɗinsa ku ajiye gefe, don kada wutar mitar awon lantarki ta bi ta cikinsa. Ku sa mita a kan om. Tsinke ɗaya a kan fil ɗin farar waya da ke cikin soket ɗin da kuka zare kan hannun daga ciki, ɗayan a tsinin filogin RCA na hagu, wato filogin da ke shiga amfilifaya. Om ɗaya ko biyu, lafiya. Haka za ku bi sauran ukun: shuɗiya da zoben filogin hagu, ja da tsinin na dama, koriya da zobensa. Kuna awon kuna karkaɗa kebul ɗin a wuyan filogi, kuna kuma kai hannun ciki da waje. Idan lamba ta yi tsalle sa'ad da kuka taɓa filogi, kebul ɗin waje ne ya karye, kuma aikin ya yi sauƙi. A Technics SL-1200MK2, misali, an liƙe shi ne a wani ɗan allo da ke ƙarƙashin gindin hannun. A narkar da dalma a sa sabo. Ku zaɓi gajere, kamar tsawon mita ɗaya, mai ƙarancin kafasitans (yawan cajin da waya ke riƙewa, ana auna shi da pF), domin katirij na MM da dama suna son jimillar pF 100 zuwa 200, idan ta wuce haka sautin sama yakan lalace.

Idan kuwa motsin hannun ne ke sa lamba tsalle, wayar ciki ta tsinke a wurin juyawa. Nan ne za a sake waya.

Kayan aiki: wayar litz (mai siraran zaruruwa da yawa) mai lambar kauri 33 AWG launi huɗu, kowace ta fi tsohuwar tsawo da santimita 10, ƙarfen dalma mai siririn baki na wat 25 zuwa 30, dalma siririya ta 60/40, hantsaki, da tsinken sakace. Kada ku yanko wayar tsohuwar caja ku sa. Ta yi tauri, za ta riƙe hannun.

Ku ɗauki hoton allon kafin ku taɓa komai. Ku cire nauyin baya, ku ɗaure hannun a mazauninsa, ku kife injin a kan abu mai laushi yadda hannun ba zai ɗauki nauyi ba. Ku narkar da dalma ku cire tsofaffin wayoyin daga allon, ku kwance ƙananan sukurorin da ke riƙe da soket, ku jawo shi a hankali. Kada ku zare tsohuwar waya duka. Ku bar guda ɗaya mai lafiya, ku liƙa bakin sababbin huɗun a jikinta da ɗigon dalma siriri, ita za ta ja su ta cikin bututu da ramin gindi. In ta cije, a koma baya a sake. Ja da ƙarfi yana kankare rufin wayar a bakin ƙarfe, ta riƙa taɓa jiki.

Litz tana da fenti a kan kowane zare, kuma ba a kankare shi da reza. Ku tara ɗigon dalma a bakin ƙarfen, ku tsoma milimita 2 na wayar har fentin ya ƙone ta yi fari sal. A fil ɗin soket kada ku wuce daƙiƙa biyu, zafi yana narkar da robar da ke riƙe da shi, fil ya nutse ya daina taɓa kan hannun.

Idan hannunku irin wanda wayarsa ke tafiya kai tsaye zuwa katirij ne, to ku saurara da kyau: ba a taɓa kai ƙarfe mai zafi kan fil ɗin katirij. Wayar da ke naɗe a ciki ta fi gashi siranta, nan take za ta saki. A zura ɗan maƙalin da ke kama fil ɗin katirij a tsinken sakace, a liƙa wayar a can, tsinken ya hana dalma cika ramin, in ya huce a tura shi kan fil da hantsaki.

Wurin da aka fi yin kuskure shi ne gindi. Ku bar wa wayoyin ɗan lanƙwasa sakwa-sakwa a ƙarƙashin wurin juyawa, kada su murɗe, kada su gogi komai. Ku gwada: a daidaita nauyin baya har hannun ya tsaya a iska, a mayar da anti-skating (abin da ke ɗan ja hannun waje) sifili, a hura masa iska kaɗan. Ya kamata ya tafi sumul har tsakiya. In ya tsaya ko ya dawo da kansa da sauri, waya ce ke jan sa, kuma allura za ta riƙa cin gefe ɗaya na faifanku.

Ku sake awon huɗun, ku tabbatar babu wadda ke taɓa 'yar'uwarta. Sannan a mayar da nauyin allura yadda kamfani ya ce, kamar giram 2 ga katirij ɗin AT-VM95E. In kun ji ganga ta yi sirara, muryar mawaƙi ta watse ba ta tsaya tsakiya ba, kun juya wayoyin sashe ɗaya. Ku musanya fara da shuɗiya, ko ja da koriya, gwargwadon wanda ya saɓa wa hotonku. In gurnani ne ya rage, ku duba baƙar waya da sukurun at na amfilifaya.