Ili Pika: 'Yar Uwar Zomo Da Ke Ƙarewa A Tsaunukan Tianshan

Jama'a, ku zo ku ji labarin wata 'yar dabba. Gashinta ruwan toka ne, ga ja-ja a goshi da gefen wuya. Wani zai ce ɓera ne, alhali dangin zomo ce. Sunanta Ili pika, kuma duk faɗin duniya ba a samunta sai a tsaunukan Tianshan da ke yankin Xinjiang na ƙasar Sin.

Tsawonta kamar santimita 20 ne, nauyinta kuwa bai wuce giram 250 ba. A tsagogin duwatsu take zaune, can sama tsakanin mita 2,800 zuwa 4,100, inda sanyi ke ratsa ƙashi. Ba ta kwanciya ta yi barcin hunturu. Tun ciyawa na ɗanya take yankowa tana jibgewa a ƙarƙashin dutse, kamar mai kiwo da ke tanadin harawa, da wannan take ci har ƙanƙara ta narke.

A 1983 wani mai bincike, Li Weidong, ya yi kiciɓis da ita tana leƙowa daga cikin dutse. Bayan shekara uku aka tabbatar sabon nau'i ce, aka raɗa mata sunan yankin Ili. Daga baya sai ta yi ɓatan dabo. Shekara ashirin da ɗoriya mutumin nan yana hawa yana sauka, sai kashinta da sawunta kawai yake gani, har zuwa 2014 da ya sake ɗaukar hotonta.

A farkon shekarun 1990 an ƙiyasta sun kai 2,000. Yanzu ana ganin ba su cika 1,000 ba, kuma tun 2008 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa su cikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa.

Me ke ƙarar da su? Jikinta na sanyi ne, zafi kaɗan ke galabaitar da ita. Duk lokacin da yanayi ya ƙara ɗumi sai ta ƙara hawa sama, dutse kuwa yana da iyaka. Ga makiyaya su ma suna haurawa da garkensu, dabbobi na cinye ciyawar da take dogaro da ita. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne ƙarancin masu kula da ita. Li ya yi ritaya da wuri a 2007 don wannan aiki, yana kashe kuɗin aljihunsa, shi da 'yan sa-kai suna kafa kyamarori a tsaunin domin a san inda ragowar suke.