Barasa da jikin mace: maganar da ba a cika yi a wurin awo ba

Wannan lacca ce da wata likitar mata ta gabatar a wani taron wayar da kai na mata. An rubuto ta daga muryar da aka naɗa.

Assalamu alaikum. Iyayena mata, yayyena da ƙannena, barkanmu da warhaka.

Na san akwai wadda da ta ji abin da za mu tattauna ta ce a ranta, ina ruwanmu da giya, mu da addini da tarbiyya suka raba mu da ita? Gaskiya ne, yawancin matan da ke zaune a nan ba su taɓa kai ta baki ba. Amma wannan zaton da muke yi cewa mace ba ta sha, shi ne ya sa wadda take sha take ɓoyewa, likita ba ya tambaya, ungozoma ba ta tambaya, sai cuta ta ci jiki sannan a gane. Kuma akwai wadda take sha ba ta ma san barasa take sha ba.

Bari in fara da jiki. Idan mace da namiji masu nauyi ɗaya suka sha barasa daidai da juna, ta fi taruwa a jinin macen. Barasa cikin ruwan jiki take bazuwa, jikin mace kuwa ruwansa bai kai na namiji ba, kitsensa ya fi yawa. Cokalin gishiri ɗaya a kofi da cokali ɗaya a ƙwarya cike da ruwa ba su zama ɗaya a baki. Shi ya sa hantar mace take saurin gajiya. Abin da zai ɗauki namiji shekaru masu yawa kafin hantarsa ta ƙanƙance ta taurare, mace takan kai can da ƙaramin sha kuma cikin gajeren lokaci. Ku haɗa wannan da ciwon hanta nau'in B, wanda binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin kowane 100 na manya a Najeriya suna ɗauke da shi, galibi ba su sani ba. Hantar da ƙwayar cuta take ci a ɓoye, a zuba mata barasa a kai, ina za ta sa kanta?

Sai sankarar mama, kuma a nan nake so mu daɗe kaɗan. Tun 1988 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon a Faransa, ta sa barasa a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara, rukuni ɗaya da taba. A 2007 ta ƙara sankarar mama a cikin jerin. A 2002 masana a Jami'ar Oksfod sun tattara bincike 53 na mata fiye da 58,000 masu wannan ciwo, suka gano cewa kowane giram 10 na barasa da mace take sha a kullum yana ƙara haɗarin da kusan kashi 7 cikin ɗari. Babbar kwalbar giya ɗaya da ake sayarwa a ƙasar nan ta haura giram 20. Barasa tana ɗaga estirojin, wani sinadari na jikin mace, a jini, shi kuwa yana ciyar da yawancin sankarar mama. Sannan idan jiki yana narkar da ita, tana komawa wata guba da ke lalata ƙwayoyin halitta. Ba na cewa duk mai wannan ciwo sha ta yi, Allah ya kiyaye, da yawa cikin marasa lafiyata ko warinta ba su sani ba. Abin da nake cewa shi ne, shekaru da gado ba a hannunmu suke ba, wannan kuwa a hannunmu yake. Abin da ke ci mini rai, ko a Amurka da ke da yalwar asibitoci, babban likitan gwamnatinsu ya sanar a Janairun 2025 cewa ƙasa da rabin mutanensu ne suka san barasa na jawo sankara. To mu fa?

Yanzu ga hanyar da take shigo mana gida. Kun san kwalaben nan na jiƙo da ake talla a tasha da bakin kasuwa, maganin basir, maganin sanyi, maganin ciwon baya, wani ma a ce na gyaran aure ne. Da yawansu saiwa da sassaƙe ne aka jiƙa a cikin ogogoro, wata barasa mai ƙarfi. Na taɓa karɓar irin kwalbar daga hannun wata baiwar Allah mai cikin wata biyar, na juya bayanta na nuna mata inda aka rubuta ƙarfin barasar da ƙananan haruffa: kashi 40 cikin ɗari. Safe da yamma take shan murfi biyu, don an ce mata yana rage ciwon ƙugu. Hawaye ta yi ta yi. Wanda aka ɗura a gorar ruwa kuwa ko rubutun ma babu. Ga kuma barasar leda, wadda hukumar NAFDAC ta fara yunƙurin hana sayarwa a farkon 2024, saboda arha ce, tana shiga aljihu da jakar makaranta.

Mai juna biyu, ki saurara da kyau. Barasa tana ratsa mabiyiya ta isa ga ɗan tayi, shi kuwa hantarsa ba ta yi ƙwarin tace ta ba. Wani likitan yara a Faransa, Paul Lemoine, ya bayyana ciwon da hakan ke jawo wa yara a 1968 bayan ya duba yara 127 da iyayensu mata ke sha, sannan a 1973 likitoci biyu a Amurka, Jones da Smith, suka ba ciwon suna. Yaro yakan zo da ƙaramin kai, siririn leɓen sama, tsakanin hanci da leɓe a shafe babu kwarmi. Wani kuma fuskarsa lafiya lau, sai ya shiga makaranta a ga ba ya riƙe karatu, ba ya zama wuri ɗaya, a yi ta dukansa ana cewa daƙiƙi ne. Wannan lahani ba ya warkewa. Babu wani adadi da aka sani ba ya cutar da ciki, babu kuma watan da ya kuɓuta, har da makonnin farko kafin ki san kin ɗauka.

A wuraren da ake dafa burukutu da fito, kamar sassan Filato, kudancin Kaduna, Taraba da arewacin Gana, mata ne ke dafawa, da shi ake biyan kuɗin makaranta, kuma ba zan tsaya a nan in zage su ba. Amma zancen cewa yana kawo wa mai jego ruwan nono ba haka yake ba. Barasa tana hana nono saukowa yadda ya kamata, jariri ya sha ƙasa da abin da ya saba, ta kuma bi nonon ta shiga cikinsa. Abinci mai kyau da yawan ba da mama su ne ke kawo nono.

'Yan'uwana ma'aikatan jinya da ungozomomi, don Allah mu riƙa tambaya a wurin awo, kowace mace, da hijabi ko babu, cikin sirri, da murya ƙasa-ƙasa. Kada ki ce "kina shan giya?", za ta ce a'a. Ki ce "wane magani kike sha a gida, ki kawo mini kwalbar in gani." Iyaye kuma, idan kun gano 'yarku ta faɗa ciki, kora da gori ba sa fitar da ita. Sau da yawa akwai baƙin ciki a ƙarƙashi, mutuwar aure, duka, ko rashin barci, kuma wasu suna haɗawa da kodin ko tiramadol, haɗin da kan tsayar da numfashi.

Wadda ta daɗe tana sha kullum kada ta yanke dare ɗaya ita kaɗai a ɗaki. Jiki kan ɗauki rawa, gumi ya keto, wata ta yi jijjiga kamar mai farfaɗiya, kuma ana iya rasa rai. A kai ta asibiti a janye ta a hankali da magani. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna, da Maiduguri, da Kware a jihar Sakkwato, akwai kuma na Dawanau a Kano. Wadda ta ji nauyin tambaya a gaban jama'a ta rubuta a takarda ba suna, a miƙo mini, zan amsa su ɗaya bayan ɗaya.