Lakar Minamata: gubar da aka binne a ƙarƙashin filin wasa

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Ina tare da Malam Bashir, ga kuma ƙaninmu Auwal, wanda yau ma sai da muka jira shi.

Auwal: Haba Anti Hadiza, cunkoso ne wallahi.

Hadiza: Kullum cunkoso. Malam, ka ce yau Japan za ka kai mu.

Bashir: Wani garin masunta ne, Minamata, a tsibirin Kyushu. Kamfanin Chisso na da masana'anta a can. Daga 1932 zuwa 1968 yana aiki da zaiba, wadda wasu ke kira makuri, yana sako dagwalon ruwansa cikin mashigin tekun garin. Shekara 36 ke nan.

Auwal: To ai teku ce, Malam. Me za a zuba mata da ba za ta haɗiye ba?

Bashir: Nan mutane ke ruɗewa. Zaiba, dalma, kadmiyam, duk ƙarafa ne masu guba, ba sa ruɓewa. Suna manne wa ƙwayoyin laka su nutse. Ka san yadda gasara ke kwanciya a ƙasan bokiti, ruwan saman ya yi garau? To haka. A 1959 da aka auna lakar bakin magudanar kamfanin, an samu kusan kilo 2 na zaiba a kowane tan ɗaya.

Hadiza: Kilo biyu! Wannan ai ma'adini ne.

Bashir: Sosai, ya kai a haƙa a sayar. Kuma irin zaibar da ta fi illa ita ce wadda ke shiga tsokar halitta ta zauna. Masana'antar ta sako ta kai tsaye, sannan ƙwayoyin halitta da ke cikin laka su ma suna iya mayar da zaiba zuwa wannan nau'in. Tsutsa da kaguwa su ci laka, ƙaramin kifi ya ci su, babba ya ci ƙarami, kowane mataki gubar na ƙara kauri.

Auwal: Mutum kuma na jira da tukunya.

Bashir: Kafin mutum, kyanwoyi. Su aka fara gani suna tangaɗi suna zagaye, wasu su faɗa teku. Mutanen garin har suka sa wa abin suna, cutar rawar kyanwa. Ranar 1 ga Mayun 1956 likita Hajime Hosokawa, shugaban asibitin kamfanin, ya kai rahoton wata cuta da ba a san kanta ba. Hannu da ƙafa su mutu, gani ya tsuke, harshe ya karye. Akwai jariran da aka haifa da ita tun daga ciki.

Hadiza: Inna lillahi. Abin da ya fi ba ni haushi, Malam, jinkirin nan.

Bashir: Ya isa ya ba ki. Masu bincike na Jami'ar Kumamoto sun nuna zaiba ce tun 1959, amma sai Satumban 1968 gwamnati ta amince a hukumance. A 1958 ma kamfanin ya karkatar da magudanar zuwa bakin kogi, gubar ta ƙara bazuwa cikin tekun Shiranui. Waɗanda aka tantance a hukumance cewa suna da cutar sun haura 2,200, dubbai kuma sun yi ta shari'a.

Auwal: Ni fa sai nake tuna masu wankin zinare a wajenmu. Ai da zaiba suke kama shi.

Bashir: Da ita ce, kuma haƙar zinare ta gargajiya ita ce kan gaba a duniya wajen sakin zaiba. Gubar da aka samu a Zamfara a 2010 kuwa dalma ce, yara fiye da 400 suka rasu. Yarjejeniyar duniya ta taƙaita zaiba, da aka amince da ita a 2013, sunan Minamata take ɗauke da shi, kuma Najeriya na ciki.

Hadiza: To lakar fa? Yaya aka yi da ita?

Bashir: A 1974 aka kafa raga a bakin mashigin don kifin ciki kada ya fita. Daga 1977 zuwa 1990 aka yi aikin yashe duk lakar da zaibarta ta kai kashi 25 cikin miliyan. An zuƙo ta aka tara a wani ɓangaren mashigin, aka katange da ƙarfe, aka rufe da ƙasa. Fili ya fito, hekta 58. Kuɗin aikin ya kai yen biliyan 48 da rabi, a kuɗin Japan. Ragar kuwa sai 1997 aka cire ta.

Auwal: Tsaya, Malam. Ba a ƙone ta ba, ba a kashe ta ba?

Bashir: Da me za ka kashe ƙarfe? Tana nan. An shuka ciyawa a kai, an yi wurin shaƙatawa da filayen wasa, kowace 1 ga Mayu a taru a can a tuna da mamatan. Katangar ƙarfen kuwa cikin ruwan gishiri take, a ƙasar da ake girgizar ƙasa, dole a riƙa duba ta.

Auwal: Ni da na je, ban cire takalmi.

Hadiza: Ka fara zuwa nan a kan lokaci tukuna. Masu sauraro, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.